Kan Delko a Ɗakin Inna

Motar Manzo ta girme shi, kuma duk Tudun Jika an san haka, don shi da bakinsa yake faɗa, har da bugun ƙirji. Ba'amurkiya ake ce mata. Wani Bature mai aikin ma'adinai a Arlit ne ya shigo da ita ƙasar tun zamanin da, ta yi ta bin hannu har ta faɗo wa Manzo, shi kuma ya sa aka yanke bayanta aka yi mata bodi, aka ɗaga ta sama saboda yashi. Silinda takwas gare ta. In ta tashi da safe kajin unguwa sai sun watse, shan manta kuwa ba a magana. Amma a rairayin Damargu, inda ƙananan motoci ke nutsewa har ciki, ita ko a jikinta. Da ita yake kai mutane da buhunan hatsi kasuwar Gangara da ta Tanut, da ita yake riƙe gidansa.

A ƙarshen daminar bana ta fara yi masa wulaƙanci, kuma duk a wuri ɗaya, wato delko. Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, delko shi ne mai rarraba wuta ga buji, wato fulogi, kowace a lokacinta, kansa kuma wata 'yar baƙar hula ce da wayoyi suka tsiro mata. Kan farko da ya tsage ba wanda ya ga laifinsa, tsufa ne. Attahir, bakaniken da ke duba ta a Tanut, ya tono wani a cikin tarkacensa ya ɗaura. Ba a je ko'ina ba shi ma ya ƙone. Mota ta yi ta tari tana harbi ta baya, ta mutu a tsakiyar daji da mata da awaki a cikinta, Manzo ya sha baƙar magana har ya ƙoshi. Aka aika Damagaram aka samo na uku. Shi ma bai yi ƙarko ba.

Da don kasuwa ce kawai, da ya jingine ta ya shiga gona ya yi girbinsa kamar kowa. Abin da ya hana shi sukuni mahaifiyarsa ce, Inna Fatu. Yanar ido ce ta rufe mata gani, shekaru ke nan ba ta bambance komai sai haske da duhu. Majo, wato babban ma'aikacin asibitin Gangara, ya haska mata fitila ya duba, sannan ya ja Manzo gefe. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, sai haƙuri, amma na dama ana iya ceto shi in an yi aikin bana. Likitocin ido za su sauka a Tanut, ranar Alhamis ce ta mutanen yankinsu, kuma wanda bai iso ba kafin rana ta take, an rufe karɓa.

"In ya wuce bana fa?" in ji Manzo.

"In ya wuce bana, kar ka zo ka tambaye ni," in ji majo, ya kashe fitilarsa.

Inna Fatu kuwa ba ta hawa babur, ƙugunta ba zai ɗauka ba, a amalanke kuma tafiyar ta fi ƙarfin tsohuwa. Mota ce ko babu. Tun daga ranar nan Manzo ya daina jin ɗanɗanon tuwo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya tashi tsaye ya manta abin da ya tashi yi.

Ita kanta Inna ta fi damuwa da motar a kan idonta. Tun lalacewar farko, da ta ji yana ta ambaton delko a tsakar gida kamar sunan wani maƙiyi, ta kira shi.

"Wai Auta, mene ne wannan dalkon da ya hana ka zama?"

Auta take ce masa har yau, ko da yake 'ya'yansa sun isa zuwa rijiya su kaɗai. Ya yi dariya, ya kama hannunta ya ja ta zuwa gindin aduwar da motar ke kwana a cikin danga. Kullum a buɗe yake barin kapo, murfin injin nan, ya tokare shi da sanda, don kar ɓeraye su ji ɗumi su shige su ci wayoyi. Ya ɗora tafinta a kan hular.

"Nan ne ciwon?"

"Nan ne, Inna."

Ta shafa ta a hankali, ta bi wayoyin da yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Ɗan wannan abu? To, Allah ya ba ta lafiya."

Ya ce amin, ya mayar da ita kan tabarmarta, ya manta da zancen.

Da na ukun ya ƙone, Alhamis ɗin likitoci ta riga ta ƙarato. Manzo ya cire shi, ya hau kabu-kabu har Tanut, ya dangwara wa Attahir a gabansa.

"Kai dai faɗa mini gaskiya. Jabu kake sa mini."

Attahir mutum ne da ba a yi masa gaggawa, ko gobara ce. Sai da ya gama kurɓar shayinsa, sannan ya ɗauki hular ya fita da ita hasken rana. Ya nuna wa Manzo wasu siraran layuka baƙi ƙirin da suka bi tsakanin ramukan wayoyin, kamar hanyar tururuwa. Ya ce ta nan wuta ke sulalewa maimakon ta je buji, in kuma ta saba da hanyar sai ta ƙone ta ta zama tsaga. Ya kankari gefen da farce, ya murza tsakanin yatsunsa, ya sansana.

"Wannan ba baƙin mai ba ne. Ba kuma ruwan radiyato ba ne. Ji danƙonsa. Manzo, wani abu ake zuba wa motarka."

"Wa ke zubawa?"

"Ni bakanike ne, ba boka ba. A gidanka take kwana, ba a gidana ba."

Ya yi alkawarin buga waya Damagaram, a sa wani mai zuwa Kano ya bincika ko za a dace da wani kan. Ya ce kar dai ya sa rai sosai, don masu irin wannan mota sun daɗe da mutuwa, su da motocinsu.

Kafin babur ya fita daga Tanut, Manzo ya riga ya kama mai laifinsa a zuci. Sahabi ne, wa kuma? Shi ne ya sayo wata motar Japan bara yana raba fasinja da shi, kuma tun da Ba'amurkiya ta kwanta shi ke kwashe kasuwar shi kaɗai. Manzo bai tsaya neman shaida ba, tsoro ya riga ya gama yanke masa hukunci. Ana fitowa daga sallar la'asar ya tare mutumin a ƙofar masallaci, a gaban dattawa, ya zazzage masa abin da ke cikinsa.

Sahabi ya yi sororo, sannan idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ni? Ni zan tsallaka dangarka kamar ɓarawon akuya? Tare fa muka yi kiwo da kai, Manzo!" Da ƙyar dattawa suka shiga tsakani. Da zai tafi ya juyo ya ce, "Daga yau ƙafarka kar ta ƙara taɓa motata, kai da duk wanda ya fito daga gidanka."

Sai a hanyar gida abin ya faɗo wa Manzo. Motoci biyu ne a Tudun Jika, tasa tana kwance, ɗayar kuma yanzu ya rufe ƙofarta da bakinsa. Ba a jima ba ma aka ce Sahabi ya ɗauki lodin dabbobi ya yi Belbeji, ba a san ranar dawowarsa ba.

Da ya gaya wa Inna abin da Attahir ya gano, ta dafe ƙirji. "Sammu ne. Wallahi sammu ne, ana so a karya ka. Bar ni da su, Auta. Ba a taɓa mini ɗa ina raye." Nan take ta ƙwala wa Safiya, matar Manzo, kira, ta aike ta wajen Malam Idrisa ta karɓo mata rubutu, ta ce a gaya masa ya ƙara yawa. Manzo bai kawo komai a ransa ba. Tun da ciwon idon ya fara, ƙwaryar rubutu ba ta yankewa a ɗakinta, ta sha ta shafa.

Sai ranar Laraba Attahir ya bugo ya ce an dace. Manzo ya sake hawa kabu-kabu, ya tarar da abin a cikin kwalinsa, sabo fil, yana ƙyalli.

"Riƙe shi da kyau," in ji Attahir. "Mai shagon ya ce wannan ne na ƙarshe, ko can ba a ƙara kawo irinsa. In wannan ya ƙone, sai dai ka mayar da Ba'amurkiya akurkin kaji. Kar ka bari ko raɓa ta taɓa shi."

Ya iso gida rana tana shirin faɗuwa. Ya ɗaura shi, ya jera wayoyin kowace a raminta, ya murza makulli. Ba'amurkiya ta yi gurnani ta tashi garau, silinda takwas ɗin nan suna bugawa daidai, har yara suka yi ta tsalle. Ya so su kama hanya a lokacin, amma fitilun motar sun daɗe da zama ado, kuma ba a shiga rairayi da tsohuwa cikin duhu. Sai da asuba ke nan. Za su sauka gidan yayarsa a Tanut.

Ya kashe inji ya tsaya yana kallon danga. Mai zubawar nan, ko waye shi, ba zai rasa jin ƙarar motar ba. Nan Manzo ya yi wata dabara da ya ji daɗinta ƙwarai, har yana yaba wa kansa. Ya zare wayoyin, ya cire kan delkon, ya naɗe shi a tsumma. In ɓarawo ya zo, ya zuba wa iska. Saura wurin ɓoyo. Ɗakinsa yara ne ke shige da fice, rumbu kuma a waje yake. A gidan nan kaf wuri ɗaya ne ba mai shiga sai da sallama, inda tun yana yaro ake kai duk abin da ake tsoron ɓatansa, daga zoben aure har irin shuka.

"Inna, ga ajiya. Kan delkon ne. Kar ki ba kowa, kar kowa ya taɓa, sai na zo da kaina."

Ta karɓa da hannu biyu, ta rungume shi a ƙirji. "Ka kawo shi inda ya dace. Je ka huta."

Rabon da ya yi barci mai daɗi irin na ranar har ya manta.

Da ya dawo daga sallar asuba ya tarar Safiya ta shirya tsohuwa tsaf, an ɗaura mata zanen fita da sabon ɗankwalin da ta daɗe tana adanawa, ga mayafi, ga ƙullin kaya da gorar fura. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta.

"Inna, ajiyata."

"Tana nan. Miƙa hannu ƙarƙashin gado, cikin ƙwarya. A hankali, kar ka zubar."

Gabansa ya faɗi tun kafin ya san dalili. Ya jawo ƙwaryar, ya ji ta da nauyi. Ya ɗaga faifan da aka rufe ta da shi. Ga kan delko nan, na ƙarshe, wanda aka ce ko raɓa kar ta taɓa, a nutse cikin baƙin ruwa, bakunan ramukansa kawai ke leƙowa. Ƙanshin tawada ya bugi hancinsa, gawayi da ƙaro, ƙanshin da ya sani tun yana ƙarami.

"Na Malam Idrisa ne, allo guda ya cika gaba da baya," in ji Inna, muryarta cike da jin daɗi. "Da can ɗan yayyafi kawai nake samu in yi wa motar in kun tafi masallaci, ga shi ba gani nake ba, sai lalube. Jiya da ka kawo mini shi har ɗaki na ce alhamdu lillahi, yau magani zai ratsa shi ciki da waje. Ko waye ke bin ka da sharri, yau ya ji kunya."

Fushi ya taso wa Manzo, ya rasa wanda zai sauke wa. Ya ɗaga kai ya dube ta. Tana murmushi, fararen idanunta suna kallon gefen inda yake, tana jiran ya yaba mata. Tausayinta ya kama shi har ya fi fushin ciwo.

"Na gode, Inna," ya ce. "Allah ya bar mana ke."

Ya tsamo shi ya zagaya bayan rumbu da sauri. Ya ɗauraye shi da ruwan tulu, ya sake ɗaurayewa, ya wanke da fetur, ya yi ta hura ramukan da baki har kansa ya fara juyawa. Safiya ta biyo shi da kaskon garwashi, tana ganin baƙin ruwan da ke ɗiga ta toshe baki da hannu.

"Wayyo, ni ce fa nake karɓo mata..."

"Yi shiru. Kar ta ji."

Ya gasa shi sama-sama a kan garwashin, yana tsoron kar zafi ya fasa shi. Ya san abin da yake bukata, ya wuni a rana ya bushe har cikin ramukansa, kuma ya san ba su da wunin. Ya ɗaura shi haka nan, ya ɗauko Inna ya zaunar da ita a gaba, ya yi bisimilla ya murza makulli. Ta yi tari sau ɗaya, ta tashi.

Suka fita gari rana tana ɓullowa. Gonaki ko'ina an kwantar da hatsi, mutane na ɗaure dammuna suna ɗaga musu hannu, Manzo bai ga kowa ba. Da dukkan jikinsa yake sauraron inji, har da tafin ƙafarsa da ke kan totur. Inna kuwa, wadda in ta shiga mota bakinta ba ya hutawa, yau ta yi shiru tana jan carbi. Suka wuce Gangara lafiya. Har ya fara cewa a ransa wataƙila Allah ya rufa asiri.

Da rana ta ɗaga, inji ya yi zafi, sai ya ji ɗan tsalle ɗaya, ƙarami, wanda in ba direba ba babu mai ji. Ya yi kamar bai ji ba. Aka ƙara. Sannan ta fara tari, ta yi harbi ta baya har Inna ta zabura, ƙarfinta ya dinga zubewa yana taka totur tana ƙi. A gindin wani tudun yashi ta yi shiru. Ba gari, ba gona, ba ko makiyayi, sai sabara da geza iyakar gani. Ya zaro waya ya duba, babu rezo, ba halin kiran kowa.

Ya ɗaga kapo ya cire kan. Abin da ya ji tsoro ne ya faru. Zafi ya fito da ruwan da ya ɓuya a ramuka, ya yi gumi a cikin hular, toka-toka, har wani siririn layi ya fara tsakanin ramuka biyu. Ya kai bakin rigarsa zai goge, ya ga ta jiƙe sharkaf da zufa. Tsumman motar kuma duk baƙin mai ne.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Dalkon ne?"

"Ƙaramin abu ne. Yanzu za mu tafi."

"Zo nan."

Ya zagayo ta tagarta. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta kai hancinta, ta daɗe ba ta sake shi ba.

"Na ji ka a bayan rumbu kana wanke shi. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau yake. Na yi shiru, na ce ko ƙa'idar aikinku ce. Don girman Allah ka faɗa mini gaskiya."

Ya nemi ƙaryar da zai yi, ya rasa. "Ba ya son ruwa, Inna. Ko kaɗan ba ya so. Tawada kuma gawayi ce, wutar mota tana bin gawayi ta gudu."

"Na biyun da ya ƙone?"

Ya kau da kai.

"Da na ukun? Sahabi fa?"

Ta saki hannunsa a hankali, ta mayar da nata kan cinyarta.

"Inna lillahi. Da hannuna. Ina can ina murna ina yi maka magani, ashe abincinka nake kashewa. Na sa ka yi wa ɗan mutane ƙazafi a ƙofar masallaci."

"Ba ke kika sa ni ba. Bakina ne."

"Mayar da ni gida, Auta. Idon nan ma a bar shi. Me zan gani da shi? In dubi uwar Sahabi in ce mata me?"

Manzo bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, amma ranar nan ya ɗaga. "Da me zan mayar da ke? A kaina? Kina tsammani don kasuwa nake wannan wahalar? Motar ta ƙone ƙurmus in ta ga dama, ni dai in kai ki!" Muryarsa ta karye a ƙarshe, ya juya ya dafa ƙarfen motar, duk da zafinsa.

Sai ta ce, cikin ƙaramar murya, "To in ba ya son ruwa, me yake so?"

"Busasshen ƙyalle mai tsabta. Da rana."

Ta sa hannu ƙarƙashin mayafinta, ta kwance sabon ɗankwalin, ta miƙo ta taga.

"Inna, kanki fa?"

"Wa zai gan ni a dajin nan? Karɓi ka yi aikinka."

Ya karɓa. Ya goge cikin hular tas, ya naɗa gefen ɗankwalin a tsinke ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ƙyallen ya fito da baƙi. Ya sa tsinin wuƙa ya kankare layin nan a hankali, yana riƙe numfashi, don in ya danna da yawa hular ta tsage, shi ke nan an gama. Sannan ya ɗora ta a kan rufin mota, cikinta yana kallon rana, ya tsaya jira.

Jiran nan ya fi komai wuya. In ya ɗauka da wuri, a banza. In ya daɗe, a rufe karɓa. Ya dubi inuwarsa a kan yashi, ya ga ta fara tattarewa zuwa ƙafafunsa. Ya je ya taɓa hular, ya dawo, ya sake zuwa.

"Auta, wannan fa?" Wata 'yar kwalba ce ta zaro daga ƙullin kayanta, ragowar rubutun ne ta juye ta taho da shi, don ko za a bukata a hanya. Ta riƙe ta nesa da jikinta, nesa da motar. "Ba a zubar da shi a ƙasa. Ni kuma na kasa sha."

Ya karɓa ya buɗe, ya yi bisimilla ya shanye tas, har da ɗanɗanon sabuwar roba a ciki. "Ai ni aka yi wa," ya ce. "Ga shi ya shiga inda ya kamata."

Ba ta yi dariya ba, amma ta ɗauki carbinta.

Da ya ji hular ta yi zafi har ba ta taɓuwa, ya mayar da ita, ya danna wayoyin, ya shiga ya zauna. Batirin motar ba yaro ba ne, kuma a yashin nan babu mai tura ta. Ya murza. Ta juya, ta juya, ba ta kama ba. Ya saki, ya share zufa. Ya sake murzawa, ta yi tari ta mutu, kuma ya ji juyin ya fara nauyi. Ya saci kallon Inna. Ta dunƙule hannayenta a cinya, ta matse jikinta wuri ɗaya don kar ta taɓa komai na motar.

Ya rufe ido ya murza. Ta yi tari, ta yi harbi, ta girgiza kamar za ta watse, sannan ta kama. Ba garau ba, tana ɗingishi, silinda ɗaya ya ƙi shiga sahu. Manzo bai tsaya lallashinta ba, ya sa giya ya haye tudun.

Bai ƙara ɗaga ƙafa daga totur ba, ko a rami ko a kwana. Inna tana ta buguwa da ƙofa, ya san ƙugunta na ba ta azaba, amma ta daure. Duk tarin da motar ta yi sai ya ji shi a ƙirjinsa. Da suka hau kwalta, gidajen Tanut suka bayyana, inuwar motar ta riga ta shige ƙarƙashinta.

A ƙofar asibiti Ba'amurkiya ta mutu da kanta, ko waiwayarta bai yi ba. Ya goya mahaifiyarsa a baya ya shiga da gudu, yana ratsa tsofaffin da ke zazzaune a inuwa da fararen bandeji a ido. A bakin ɗakin karɓa wani ma'aikaci yana naɗe tabarmin 'yan jira.

"Malam, an rufe."

"Daga bayan Gangara muke," in ji Manzo, numfashinsa na sarƙewa. "Majo ya ce bana ne ko babu. Don Allah."

Ma'aikacin ya dubi rana, ya dubi baƙaƙen hannayen da ke tallafe da tsohuwar, ya dubi mayafin da ta ja ta rufe kanta da shi. Ya yi tsaki, ba na raini ba, na wanda ya san zai sha faɗa a ciki.

"Shigo da ita. Ita ce ta ƙarshe."

Washegari da hantsi aka jera su a baranda ana kwance musu bandeji. Manzo yana tsugune cikin 'yan rakiya, yana ta addu'a a zuci, don an gaya masa tun jiya cewa ba kowane ido ne ke buɗewa ba. Aka zo kan Inna Fatu. Ma'aikaciyar ta ɓare filasta, ta goge mata da auduga, ta ɗaga yatsu a gabanta tana tambayar ko nawa ne. Inna ba ta kula ta ba. Tana ta ƙifta idon, hawaye na zuba, tana bin fuskokin mutanen da ke tsugune ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kan Manzo, ta wuce shi.

"Ga ni, Inna," ya ce.

Ta dawo da kallonta. Ta sa tafin hannu ta kare haske, ta daɗe tana dubansa, daga goshi har gemu.

"Auta," ta ce. "Ashe har ka yi furfura. Ba wanda ya faɗa mini."